Daji Ba Ya Son Ƙarfe

"Wa ya aike ki ki gaya masa?" Nna Kafayatu ta ce, tana nuna 'yarta da muciya. "Biki ya matso, kin kwashi sirrin jikinki kin kai wa namiji a faranti."

Rahmatu na zaune a bakin gado, ko farar rigar makarantar koyon jinya ba ta cire ba. Yarinyar nan fa ita ce ta addabi matan Sabon Gari da wa'azin a riƙa laluba nono duk wata bayan al'ada, har tsofaffi suka sa mata suna Malama Tattaɓa. To, makon jiya ta laluba nata a wurin wanka, ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa.

"Nna, shi ne zai aure ni..."

"Zai aure ki in uwarsa ba ta ji ba. Matar da ko tusa aka yi a Minna sai ta kai labari Garatu? Kafin la'asar an ce ciwon daji a jininmu yake."

Waya ta yi ƙara. Zikrullahi ne, angon.

"Rahma tawa, na ga likita a kan ƙullutun nan. Litinin za su ɗebi kaɗan su auna. Ko me aka gani, ni ke nake so, ba..." Kunya ta hana shi ƙarasawa. "Kin dai gane."

"Na gane."

"Kuka kike yi?"

"A'a."

Gaskiya kuwa ta faɗa. Tun ranar ko ɗigon hawaye bai zo mata ba, jikinta kamar na aro.

Nna ta ji komai, don wayar irin wadda ba ta iya raɗa ce.

"Su ɗeba da me? Da allura? Daji ba ya son ƙarfe, yana jin sa zai fusata ya bazu. Alisabatu ta Tagwai ba yanka ta suka yi ba? Ta ga Sallah?"

"Makara ta yi, Nna."

"Boko ya cika ki da tsoro."

Tsohuwar ta ajiye muciya, ta ja labule, ta zauna kusa da ita. Ta sassauta zaninta, muryarta ta yi taushi.

"Kawo hannun nan naki mai ilimi, 'yar albarka. Taɓa nan. Tun babanki na da rai nawa ƙullutun yake nan. Wani mai nake shafawa, daga Bida ake kawo mini. Ga ni ina daka, ina tuƙa tuwo. Na mutu?"

Yatsun Rahmatu suka kama aikinsu ba tare da ta sa su ba. Suka zagaya a hankali, suka haura hammata. Abu mai tauri kamar dutsen niƙa, ba ya motsi. Fatar ta yi kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki. A hammata ma ga 'ya'yansa. Ta san irinsa. Ta gan shi a ɗakin mata na asibiti, a jikin waɗanda ake ja wa labule.

Nna kuwa sai murmushi take, tana jiran a yaba mata.

"Kin gani? Sai ki kwantar da hankalinki, a sha biki."

"Litinin tare za mu je," Rahmatu ta ce, muryarta ba hawa ba sauka. "Ke za a fara dubawa."

"Ni? Don ki ji sanyi na nuna miki abin da ko 'yan'uwana ba su gani ba, shi ne za ki miƙa ni ga masu wuƙa?"

"In ba ki je ba, a mayar musu da lefensu."

"Yaron da ke son ki haka za ki yar?"

"Ina son sa, Nna... Amma ba zan shiga ɗakin miji in fito zaman makoki ba."

Nna ta janye jikinta. Sannan ta miƙe, ta ɗaure zaninta tamau har saman ƙirji.

"Da na sani da na bar ki da tsoronki."

Ta fice, ta buga ƙofar har labulen ya faɗo.