Kaset ɗin da Babu Ganga

Ranar Lahadi, sha huɗu ga watan Mayun 2017, da hantsi, Wening ta shiga kasuwar tsofaffin kaya ta Comboran da ke birnin Malang rungume da rikodar mahaifiyarta a cikin zane. Shekara talatin rikodar tana aiki lafiya, sai a makon nan ta soma jan murya kamar mai hamma. Aka nuna mata rumfar Gilang, tsakanin mai tayoyin keke da mai tsofaffin agogo.

Saurayi ne siriri mai tabarau. Ya karanta ilmin lantarki, ya yi aikin kamfani shekara biyu a Surabaya, sa'an nan ya dawo Malang ya gaji rumfar kawunsa. Cikin minti goma ya canza robar da ta saki. Wening ta miƙa hannu za ta ɗauki kayanta, sai ya dafe.

"A'a, Mbak, tukuna. Ba na sallamar inji sai ya ci jarrabawa."

Ya ciro wani tsohon kaset daga aljihun tebur ya saka. Wata murya mai kauri ta taso daga lasifika, tana tafiya a hankali, ta tsaya cak, ta sake tashi. Wening ta ji ta a ƙirji kafin ta ji ta a kunne.

"Wannan ce jarrabawar?"

"Ita ce. Jitar bes ce ke tona asirin lasifika. In akwai tsaga ko sako-sako, ƙasan muryar nan zai fallasa shi." Ya ɗaga kwalin kaset ɗin da hannu biyu. "Musim Tebu, wato lokacin yankan rake. Tedjo Winarko, 1979. Waƙa biyar, minti arba'in da ɗaya, kuma babu ganga ko ɗaya. Kin ji inda ya tsaya? Mu masoyansa numfashi muke ce masa. Wane ne zai iya yin shiru mai daɗi haka?"

Wanda bai rayu a garinmu a shekarun 1970 ba zai yi wuya ya gane yadda samari suka ɗauki wannan irin kiɗan rok, wanda waƙa ɗaya kan kai kwatan awa, bugunta kuma yana sauyawa daga huɗu zuwa bakwai. Ƙungiyar Lonceng Batu, ta samari huɗu 'yan Malang, ta fitar da kaset biyu, a 1976 da 1977, ta watse a 1978. Bayan shekara guda mai bes ɗinta, Tedjo, ya fitar da nasa shi kaɗai. Ya rasu a Jakarta a 2009.

Duk wannan Gilang ya zayyana wa Wening, shayin da ya sayo mata har ya huce. Ita kuwa tun da ta ji sunan Tedjo ta sunkuyar da kai. Suna ne da ba a furtawa a gidansu, kuma wannan ce rana ta farko da ta ji kiɗan mai shi.

"Na cika ki da surutu," in ji shi daga ƙarshe, yana sosa ƙeya.

"Ka cika ni. Rikodar ta ci jarrabawa?"

"Da daraja ta ɗaya."

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta: "Mbak Wening, ƙa'idar rumfa ce a tambayi lafiyar inji bayan gyara. Yana lafiya?"

Ta amsa: "Yana lafiya. Duk masu kawo gyara kake tambaya haka?"

"Yau aka kafa ƙa'idar."

Ranar Lahadi ta gaba ta kawo masa rediyon makarantar da take koyarwa, wanda babu abin da ya same shi. Ya buɗe, ya duba, ya ce lallai yana bukatar kulawa ta mako-mako. Kafin azumi ya raba tsakiya ya daina ce mata Mbak, kiran da ake yi wa baƙuwa, ya koma Dik, wato ƙanwa, ita ma ta koma ce masa Mas, wato yaya. Sukan sha ruwa tare da bakso, miyar curin nama, a bakin filin gari. Ya koya mata ƙirga bugu bakwai da yatsu a kan tebur, ya yi mamakin saurin da ta kama.

"Dik, kamar a jininki yake."

Ta yi murmushi, ta sauya zance.

Bayan Ƙaramar Salla aka sa masa ranar zuwa gaishe da iyayenta, Lahadi biyu ga Yuli. Da safe ta tura masa saƙo: "Mas, abu ɗaya nake roƙo. Kada ka yi wa Baba zancen kiɗa."

Gilang ya fassara saƙon yadda masoyin kiɗa kaɗai zai fassara shi. Ya ɗauka dattijon bai taɓa jin kiɗa mai kyau ba ne, kuma wannan cuta ce mai magani. Ya naɗe kaset ɗinsa na asali, abu mafi daraja da ya mallaka, ya ɗora shi a kan kwandon tuffa.

Mahaifinta Pak Hardjito, wato Malam Hardjito, ma'aikacin jirgin ƙasa mai ritaya, ya karɓe shi da fara'a. Ya tambayi iyayensa da sana'arsa, ya gamsu. Bu Sumarni, matarsa, ta kawo kofi da soyayyiyar ayaba. Hira ta yi daɗi har Wening ta soma sakin jiki. Sai Gilang ya miƙa ƙunshin da hannu biyu.

Dattijon ya buɗe. Ya daɗe yana kallon hoton da ke jikin kwalin.

"Pak, wannan mutumin ya nuna wa duniya cewa kiɗa na iya tsayawa da ƙafarsa ba tare da ganga ba," in ji Gilang cikin zumuɗi.

Bu Sumarni ta ajiye faranti a hankali. Wening ta rufe ido.

"Yaro," in ji Pak Hardjito, "ka san wanda ke buga ganga a Lonceng Batu?"

"Djit, Pak. Mai gashi har kafaɗa. Ba a sake jin labarinsa ba."

Dattijon ya cire hularsa, ya shafa sanƙonsa. "To, ga labarinsa a gabanka. A 1978 mahaifina ya kwanta ciwo, na baro Jakarta na dawo gida na kama aikin tasha. Tedjo ya kira ni matsoraci a gaban mutane. Bayan shekara ya fitar da wannan, don kowa ya sani ba ya bukatata. Shekara talatin da takwas ban saurare shi ba, ba kuma yau zan fara ba. 'Yata ba za ta zauna a gidan da ake kunna zagina safe da yamma ba. Ka gaida mutanen gida."

Kwana huɗu Gilang bai rubuta mata komai ba. A na biyar ya tura: "Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Samari biyu sun taɓa zuwa gidanmu. Da suka gane ko wane ne Baba, shi suka riƙa zuwa gani, ba ni ba. Na so in san wanda ka zo nema."

"Ke na zo nema, Dik. Ban ma gane shi ba, ga shi na zage shi a falonsa."

"Na sani. Na yi kuka, daga baya kuma na yi dariya, Allah Ya yafe mini. Likitan haƙoran nan da ke neman aurena, Bramantyo, ya sake kawo wa Baba gaisuwa jiya. Baba ya ce ga mutumin kirki, ko fito bai iya ba."

Wening ta kawo shawarar ya ce wa mahaifinta ya daina son kaset ɗin. Gilang ya ƙi. Ya ce ba zai soma surukuta da ƙarya ba, dattijon ma zai gane.

Abin da ya yi shi ne abin da ya iya. Ya fito da kaset biyu na Lonceng Batu ya saurare su, wannan karon kunnensa a kan ganga. Ya lura Djit yana da wata al'ada: a kan bugu na bakwai yakan ɗan jinkirta, sa'an nan ya zubo gajeren kirari na ganguna, kuma duk lokacin da zai yi haka bes takan ja baya ta ba shi wuri. Gilang ya kunna kwafin Musim Tebu, ya riƙe agogo, ya auna kowane numfashi. Ya ajiye agogon, ya cire tabarau, ya daɗe zaune.

Ya rubuta wa Wening: "Na gano wani abu. Amma ba abin faɗa ba ne, sai ya ji da kunnensa."

"Ba zai saurara ba ko za a ba shi tashar jirgi kyauta."

Wening ta gaya wa mahaifiyarta. Bu Sumarni ta saurare ta har ƙarshe. Washegari dai rikodarta ta sake lalacewa, ta kuma ce ba za ta iya girki ba tare da wa'azin kaset ɗinta na safe ba, ƙafarta kuma ba za ta kai ta Comboran ba.

Ta ce wa mijinta, "Ka kai da kanka, Pak. Ka haɗa da kaset ɗinsa ka mayar masa, tun da ya tsone maka ido a kan kabad."

Ranar Asabar da hantsi Pak Hardjito ya tsaya a bakin rumfar, fuska a murtuke. Gilang ya gaishe shi har ƙasa, ya karɓi kaset ɗin da ya maido, ya buɗe rikodar. Robar a cire take, an naɗe ta tsaf an ajiye a gefe. Bai nuna ya gani ba. Ya mayar da ita, dattijon ya miƙa hannu, sai ya dafe.

"Ka yi haƙuri, Pak. Ba na sallamar inji sai ya ci jarrabawa. Kowa a layin nan ya sani."

"Haka ne!" in ji mai agogo daga rumfarsa. "Ni ma na haddace kaset ɗin nan dole!"

"Minti ɗaya," in ji dattijon.

Bes ta taso, ta yi tafiyarta, ɗaya, biyu, har shida, ta tsaya. Pak Hardjito na tsaye, hannunsa a kan tebur. A numfashi na biyu yatsansa ya motsa. A na uku yatsu huɗu suka zubo a kan katako, suka cika gurbin daidai, ba ragi ba ƙari, bes kuwa ta dawo a kan bugunsa na ƙarshe kamar tana jiransa.

Ya janye hannun kamar ya taɓa wuta. Ya kalli Gilang.

"Guda sittin da uku ne, Pak," in ji saurayin a hankali. "Na auna su. Kowane ɗaya tsawon naka ne. Masu buga ganga sun cika Jakarta a 1979, bai ɗauki ko ɗaya ba. Na yi shekara goma ina yabon shirun nan, ban san wurin zaman mutum ba ne."

Dattijon ya jawo kujera ya zauna. Da gefe ɗaya ya ƙare, shi da kansa ya juya kaset ɗin. Mai tayoyi ya bar aikinsa ya matso. Minti arba'in da ɗaya yatsun Pak Hardjito suna kan tebur, hawaye na bin kumatunsa, bai share ba.

Da kaset ya tsaya ya ce, "Ɗan banza mai taurin kai. Da ya aiko wasiƙa mana, ai ta fi araha." Ya fyace hanci. "A waƙa ta huɗu ya yi sauri. Kullum a nan yake sauri." Ya miƙe ya ɗauki rikodar, ya sa kaset ɗin a aljihun rigarsa. "Wannan na karɓa. Ka ce wa iyayenka su zo. Kuma kai ma ƙirgarka da saura, sittin da huɗu ne."

Kafin ya kai bakin kasuwa saƙo ya isa wayar Wening: "Dik, rikodar ta ci jarrabawa."

"Mai gyaran fa?"

"Da ƙyar, amma ya haye."

A watan Nuwamba Pak Hardjito ya hau jirgin ƙasa zuwa Jakarta, ya ziyarci kabarin abokinsa, ya yi masa addu'a. Aka sa biki a watan Zulhajji, kamar yadda iyayenmu suka fi so, aka ɗaura auren ranar Lahadi, ashirin da shida ga Agustan 2018, a kan sadakin zoben zinariya da darduma da kayan salla. Likita Bramantyo ya halarta, ya ci shinkafa da rawon, baƙar miyar naman sa, faranti biyu.

Bayan azahar aka share tsakiyar rumfar biki, aka jera gangunan aro. Ango ya tashi daga gefen amarya cikin kayan sarautarsa na yini ɗaya, ya saka kaset, ya danna. Bes ɗin Tedjo ta taso, ta ƙirga shida, ta tsaya. Pak Hardjito ya ɗaga sanduna, ya shiga.

Wening ta riƙo hannun mijinta. "Mas, yanzu da me za ka riƙa gwada inji? Baba ba zai dawo maka da kaset ɗin ba."

"Na ba da kaset, an ba ni ke. Ko a Comboran ba a taɓa ciniki irin wannan ba."

Da aka gama, dattijon ya kira su, suka durƙusa a gabansa. Ya dafa kawunansu.

"Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuriya mai albarka. In kun saɓa, kowa ya bar wa ɗan'uwansa wurinsa. Amma ku faɗa da baki, kada ku jira mai gyaran rikoda."

Rumfar duka ta amsa da amin.