Likitar Itatuwa

"Mama, ga likita a zaune, me zai kai ki asibiti wurin GP? Ki nuna mata inhaler ɗin, ta faɗa miki ko a canza."

Hanan ce ta yi maganar tana murmushi. 'Yar ƙanwar Hajiya Raki ce, wadda dangi suka so Sa'id ya aura tun farko. Falon na unguwar Erdington cike yake da ƙannen Hajiya, sun zo ganin Zinatu, wadda ɗanta Sa'id ya zaɓa.

Hajiya ta miƙo wa Zinatu inhaler ɗin, maganinta na shaƙa.

"Duba min, 'yata. Tun da muka dawo kusa da babban titin nan ƙirjina bai huta ba."

Zinatu ta dubi Sa'id. Ya sunkuyar da kai.

"Hajiya..." in ji Zinatu. "Ni ba likitar mutane ba ce. PhD na yi, a kan itatuwa."



"Itatuwa?" in ji wata gwaggo. "Na girki?"

Hanan ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ashe ta riga ta binciko sunanta a shafin jami'a.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta janye hannunta a hankali, kuma wannan ya fi wa Zinatu ciwo. Sa'id ne ya ce wa mahaifiyarsa "Dr Zinatu" bai ƙara bayani ba. Amma ita ma ta sha jin Hajiya a waya tana cewa "likitarmu", ta yi shiru, don yadda kalmar ke mata daɗi.

Ko abinci ba ta taɓa ba ta kama jirgin ƙasan Manchester. Har ta isa flat ɗinta a Ardwick ba ta iya haɗa ido da kowa ba.

Ta daina ɗaga wayar Sa'id.

Ranar wata Talata tana lab ɗin bincikenta, ta baza rassan bishiyar pine da ta yanko daga wani dutse a Wales, sai ga shi a bakin ƙofa.

"Abar ƙaunata..."

"Kunyar aikina kake ji, Sa'id. Ni ma na taya ka."

"Ban ma san aikin ba," ya ce a hankali. "Ban taɓa tambayar ki da gaske ba. Abin da ya hana ni barci ke nan. Nuna min, don Allah."

Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta ɗaga wani reshe mai siraran ganye kamar allura, duk sun yi ruwan ɗorawa.

"Wannan daga gindin dutse yake, kusa da hanyar mota. Na tsakiya lafiyarsu ƙalau. Na can ƙololuwa ne ke ba ni tausayi. Sanyi da iska sun hana su tsawo, ga gajimare na kwaso hayaƙin birane yana zauna musu a ganye. Yanzu kuma da zafi ke ƙaruwa, ƙwarin da a da ba sa iya hawa sun fara isa gare su. Su kuwa ba su da wani sama da za su gudu."

"Hayaƙin mota ke yi wa ganye haka?"

Ba muryar Sa'id ba ce.

Hajiya Raki ce tsaye a bayansa, tana haki saboda matakala. Reshen ya suɓuce daga hannun Zinatu. Ta durƙusa har ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni..."

"Tashi. Ba aikinki ne ya ɓata min rai ba, shirunki ne. Na miƙa miki maganina a gaban mutane."

Hawaye suka zubo wa Zinatu.

"Amma da kin ga dama da kin juya shi a hannu kin ce yana da kyau, ba wanda zai gane," Hajiya ta ci gaba. "Kika zaɓi a yi miki dariya. Na kwana ina tunanin wannan. Shi kuwa wannan da ya ƙulla abin, ya ji nasa a gida."

Sa'id ya sosa ƙeya, idonsa a ƙasa.

Hajiya ta ja kujera ta zauna, ta ɗauki reshen tana jujjuya shi.

"Kawunansa za su je wurin mahaifinki bayan Sallah. A wurin biki za a tambaye ni me surukata ke yi, kuma ba na son in yi kame-kame a gaban su Hanan."

Ta gyara tabarau.

"Matso nan, 'yata. Faro min daga gindin dutsen."