Tarin Janareto

Ranar Lahadi da rana aka sace kwalbar bakwaini, na'urar da ake ɗumama su a ciki, daga ɗakin jarirai na asibitin unguwa. Aka tsare nas ɗin da ke bakin aiki, domin makulli ɗaya na hannunta. Ɗayan yana wurin mai kula da sito.

"Kai kana ina a lokacin?" Sufeton 'yan sanda ya tambaye shi.

"Gona, ranka ya daɗe. Ga ma saƙon murya da na tura wa Likita a lokacin."

Aka kunna. Muryarsa ce, yana ba da haƙuri ba zai shigo ba. Bayanta wani inji na ta ruri.

"Injin ban-ruwa ne," ya yi saurin cewa, ba a tambaye shi ba.

Wannan saurin ne bai kwanta wa Sufeto ba. Ya je gonar ya naɗi ƙarar injin a wayarsa, ya dawo ya naɗi ta janareton asibiti. A kunnensa duk ruri ne. Ya kai wa 'yarsa, injiniya, wadda ya saba tsokana da cewa ta yi digiri a kan hayaniya.

"Baba, yau hayaniya ta yi rana ke nan?"

"Ke dai duba mini."

Ta zuba sautukan uku a kwamfuta, kowanne ya koma hoto mai zane-zane.

"Daga hagu zuwa dama lokaci ne. Sama siririn sauti, ƙasa mai kauri. Cire muryar, dubi layin nan na ƙasa. Na gonarsa miƙe yake sambal. Janareton asibiti kuwa yana tari, layin ya nutse ya taso. Yanzu dubi saƙon."

Layin ya nutse, ya taso.

Washegari Sufeto ya ajiye hotunan gaban mai sito.

"Injin gonarka na tari?"

"Lafiyarsa lau, sabo ne."

"To wanda ke bayanka a saƙon nan mura yake yi. A bayan ɗakin jarirai ka tsaya."

Mutumin ya daɗe yana kallon layin. "Kwalbar tana shagon ƙanina," ya ce. "Ban taɓa ta ba, ko waya ban cire ba."

Wani kofur ya sa masa ankwa ya fita da shi. Aka saki nas, kwalba ta koma ɗakinta kafin la'asar.

"Wane ƙwararre ka samo haka?" Likita ya tambaya.

Sufeto ya gyara zaman hularsa.

"'Yata ce."