Surukin da Ya Ɗaga Labule

A wani gida da ke bayan kasuwar Kankia, mutum uku ne ke zaune: Malam Abdullatif, malamin firamare, da matarsa Amatullah, sai mahaifiyarta Inna Rabi, wadda suka ɗauko daga Dudunni bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sha ba. Abin da babu shi ne mai karɓar Amatullah ko na ɗan lokaci, domin ita kaɗai Inna ta haifa.

Ita ke juya ta, ita ke wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Tun tana ƙirga kwanakin da ba ta leƙa waje ba har ta daina. Shi kuwa Malam, kunyar surukuta ta hana shi wuce bakin ƙofa. Daga bayan labule yake durƙusawa ya gaishe da Inna, ya tashi.

Ranar da jiri ya kayar da Amatullah a bakin murhu, Malam ya kai ta asibiti. Da suka dawo, tun a zaure ya tare ta.

"Kin ji dai abin da malamar asibiti ta ce. Jininki ya hau. Ta ce ki riƙa fita tattaki kullum, ki sha iska..."

"Tattaki!" Ta yi wata dariya mara daɗi. "In bar uwata kwance in tafi yawo? Mutane su ce mi?"

"Mutane ne za su ɗauke ki in kin sake faɗuwa?"

"To wa zai zauna da ita? Kai?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ka gani ko? Malam, ka bar ni in koma Dudunni da ita. Na zama maka kaya. Rabon da in zauna mu yi hira har na manta... Ka nemi wadda za ta kula da kai."

"Amatu!" in ji shi. "Ni kike faɗa ma haka? Wallahi in kika fita gidan nan, da hasken gidan za ki fita."

Ta shige ɗakin Inna, ta kifa kai a gefen katifa tana kuka a hankali, don kada tsohuwar ta ji. Amma hannun Inna mai lafiya ya sauka a kanta.

Washegari bayan la'asar, ta ji sallamarsa a bakin ƙofa. Ta zaci gaisuwar da aka saba ce. Sai ta ga labule ya ɗaga. Malam ya tuɓe takalmi, ya shigo kansa a sunkuye, zufa na tsattsafo masa a goshi, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun Inna.

Inna ta yi sauri ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Subhanallahi! 'Yar nan, mi ya faru? Wani ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna," in ji shi. "Abin da nake gudu ke nan. Na zo roƙo ne. Ki yafe mani kunyar nan. Ɗiyarki ba ta da lafiya, kuma ba za ta fita ba sai ta ga wani a wurinki. Uwata ta rasu tun ina ƙarami... ki bar ni in samu ladar da ta wuce ni."

Can sai mayafin ya sauka a hankali. Idanun Inna sun cika da hawaye.

"Ashe ni nake cin ɗiyata ban sani ba," ta ce, harshenta na nauyi. "Jiya na ji kukanta, na rasa ƙafar tashi." Ta dubi Amatullah. "Ɗauki hijabinki."

"Inna, ba zai iya ba. Bai san yadda..."

"In ya iya da 'ya'yan mutane a aji, tsohuwa guda za ta gagare shi? Fita, kafin in yi maki baki!"

Maƙwabciyarsu Haulatu na jiran Amatullah a waje, Malam ya riga ya roƙe ta. Suka bi hanyar Kusada, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara. Da farko ƙafafunta sun yi nauyi, tana ta waiwaye.

"Ke, wuyanki zai karye!" in ji Haulatu. "Ba gudu Inna za ta yi da mijinki ba."

Dariya ta kuɓuce mata, har ta tsorata da jin muryarta. Dawa ta yi kai, iska na kaɗa ta. Ta ja numfashi mai tsawo, ta ji wani ƙulli da ya daɗe a ƙirjinta yana kwancewa. Ta yi kuka, ta share, ta ƙara sauri.

Gab da magariba ta dawo. Ta tsaya a bakin ƙofa. Malam na riƙe da ludayi yana ba Inna kunu, rabin kunun ya zube a rigarsa, Inna na yi masa faɗa.

"Baki nake da shi, Malam, ba rijiya ba! A hankali!"

Ya ɗago ya ga matarsa, fuskarta da gumi, idanunta sun washe.

"Sannu da dawowa, Amatuna. Zancen Dudunni fa?"

Ta sunkuyar da kai. "Gobe ma zan fita... in za ka zauna."

"Gobe da jibi, har ranar da kika gaji da ni."

Inna ta kawar da kai, kamar ba ta ji ba.

A ranar Amatullah ta gane cewa barin uwarta na ɗan lokaci ba yasar da ita ba ne. Ita ma jiki gare ta, kuma Inna na bukatar ta da rai.