Sunayen Da Suka Amsa

A shekarar da Maiduguri ta zauna babu wutar lantarki, aiken Falmata na kowace yamma ɗaya ne. Ta tsallake gida uku a unguwarsu ta Jiddari Polo, ta karɓo wa mijinta 'yar na'urar intanet daga gidan Maman Jona, inda ake yi musu caji da sola.

Mijin nata, Habib, yana aiki da wata ƙungiya mai raba wa 'yan gudun hijira katin abinci. Sunayen mutanen ba a kwamfutarsa suke ba. Ya taɓa ce mata, "Suna can wani rumbu a wata ƙasa. Kamar rijiya ne. In rubuta tambaya in jefa, ta hauro min da waɗanda na nema." Falmata aji huɗu ta tsaya, Turanci ba ya shigarta. Amma tana da ido. Ta san tambayar nan layi huɗu ce kullum. Ranar da ta nuna na huɗun da yatsa, ya ce, "Shi ke cewa masu rai kawai. A ofis ba ma goge mamaci, alama ake sa masa."

Ranar wata Laraba ta makara. Rana ta riga ta yi ja.

"Amarya, sai yanzu?" in ji Maman Jona tana miƙo mata na'urar. "Ki gaya wa ogan naki wannan matar tasa ta biyu ta fi ki cin wuta."

Falmata ta rufe baki da mayafi, ta yi dariya, ta juyo.

A gindin dalbejiyar ƙofar gidansu ta tarar da wata tsohuwa a tsaye. Ba 'yar unguwa ba ce. Zanenta jiƙe yake har gwiwa, alhali rabon garin da ruwan sama wata biyar. Wani wari ke tashi daga jikinta, laka haɗe da ƙaurin ƙonannen zana.

"Wushe, amarya," ta gaishe ta da Barbarci a hankali. "Yau zai kira mu?"

A garin nan, baƙon da ya san aikin mijinki ba abin yi wa murmushi ba ne. Mutane nawa aka bi har gida ta haka? Falmata ta damƙe na'urar cikin mayafi.

"Wa kike nufi, Baba?"

"Mai kiran suna. Ƙafafunmu sun gaji."

Falmata ta leƙa bayanta. Ita kaɗai ce. Ta shige gida, ta danna sakata.

Habib na zaune kan tabarma a tsakar gida, ya ba ƙofa baya, ransa a ɓace. An gyara masa kwamfuta a ofis, komai ya goge, yana kwafo tambayar daga wata takarda da abokin aikinsa Manasse ya rubuta masa. Gindin takardar ya yage. Falmata ta jona na'urar, 'yar fitilarta ta yi kore. Ta saci kallon allon.

Layi uku.

Ta sake ƙirgawa. Uku.

"Malam..." ta ce. Haka take kiransa. Shekara guda da aure, sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, ko a bayan idonsa.

"Falmata, bari in gama. Sabis zai gudu, ga magariba."

Ita wa, da za ta gyara wa mai digiri rubutu? Ta haɗiye maganar. Zancen tsohuwar ma ta haɗiye shi. Ta koma bayansa ta tsuguna gaban kasko, tana zuba turaren wuta.

Ya danna. Ƙwallon da ke allon ya yi ta juyawa. Sai sunaye suka zubo.

"Ikon Allah," ya ce. "Arba'in da bakwai nake jira, ga sittin. Wa ya cusa min mutane? Wato akwai mai cin kati a ofishin nan."

Al'adarsa ce ya karanta sunayen da ƙarfi, yana bin na takardar sansani da biro, kamar yadda yake yi ranar rabo. Ya fara. Na farko, na biyu, na goma. Duk suna takarda. Sai ya zo kan wani.

"Dzarma Jonathan." Ya duba. "Wannan babu shi."

Daga bayan katanga, can ƙasa-ƙasa, wani ya ce, "Na'am."

Hannun Falmata ya tsaya a kan kasko. Habib bai ɗago ba. Idonsa na kan allo.

"Turai Maikuɗi. Ita ma babu."

"Na'am."

Muryar tsohuwar ce.

Kajin da ke shiga akurki suka yi tsit. Lasifikar masallaci ta daɗe ba ta aiki, babu wani kiran salla da zai ratso. Hayaƙin turaren ya daina miƙewa sama, ya kwanta, ya bi ƙasa ya nufi ƙofa. Ƙamshinsa ya ɓace. Warin laka ya cika gidan.

"Rashida Mikail."

"Na'am." Yarinya ce ƙarama.

A waje ana jan ƙafa. Taki ɗaya, a tsaya. Taki ɗaya, a tsaya. Irin tafiyar mutanen da ke sahu, kowa na matsowa gurbin na gabansa.

Falmata ta ajiye turaren.

Ta rarrafo har bayansa. Ba ta karanta Turanci, amma ta san lamba. A saman allon, sittin ya koma sittin da ɗaya. Babu wanda ya taɓa komai.

Ta dubi ƙasan jerin. Suna ɗaya ne a duniya da ta koyi rubutawa a ɓoye, da tsinke, a ƙasan madafa. Sunan mijinta. Ga shi nan. Gefensa, inda ake sa alamar mamaci, wani ɗan akwati babu komai ciki, yana ƙiftawa.

Sakata ta yi ƙara.

Daga zaure wata murya ta taso, siririya, mai kunya. Muryarta ce. Tata ta kanta.

"Habib."

Ya ɗago kai, biro a hannu.

"Habib."

Ya buɗe baki. "Na..."

Ta faɗa kansa ta baya, ta toshe bakinsa da tafin hannu. Ɗaya hannun ya fizge wayar na'urar. Fitilar nan koriya ta mutu.

Ya juyo a firgice, ya ganta. Ya dubi zaure. Ya sake dubanta.

Sau ɗaya aka ƙara kira, wannan karon ba da muryarta ba. Muryoyi ne masu yawa a haɗe, maza da mata. Sannan jan ƙafar ya soma nisa. Can wani ladani ya ɗaga murya da bakinsa, a dishe. Zakara ya kaɗa fiffike.

Da suka buɗe ƙofa, sakatar na nan yadda ta bar ta. Amma daga gindin dalbejiya har bakin zaure, sawun ƙafa ne a jere, jiƙaƙƙu. Sha uku. A gaban na farko an share wuri ɗaya fes, daidai tsayuwar mutum.

Washegari Manasse ya bincika. Sha ukun nan duk suna da alama. Sun rasu kafin a kai ga sunansu ranar rabo. Na sha huɗun kuwa, babu wanda ya shigar da shi. An goge, ya dawo. An kira masu rumbun, suka ce su a wurinsu ba sa ganin komai. Sunan Habib ne, kuma a allonsa kaɗai yake fitowa.

Tun daga ranar bai ƙara karanta suna da ƙarfi a gida ba. Kafin ya danna tambaya, sai ya juya mata allon ta ƙirga. In ta ɗaga yatsu huɗu, ya danna.

Wata rana ya ce mata, "Da ina jin haushin ba kya kiran sunana. Yanzu roƙonki nake, Falmata. Ko mutuwa zan yi, kar ki fara."

Har yau, in aka kira shi tsakanin la'asar da magariba, ba ya amsawa. Sai ya fara juyawa ya dubi bakin matarsa.