Yumiki Mai Fanka Biyu

Akwai wani yaro ɗan aji shida a unguwar Hayyin Sabi', cikin birnin Alƙahira. Gidansu yana hawa na huɗu, a saman wani gidan burodi. Babansa ya zo daga Zariya don karatun hadisi a jami'a. Yaron ya iya zane. Ya kuma iya surutu, kuma surutun ya fi zanen yawa.

Duk ranar Talata ɗalibai sukan zo gidan, Baba ya yi musu bita. Yaron yakan ji suna cewa wane ya ji daga wane, shi kuma ya ji daga wane. Bai damu ya san dalili ba. Abu ɗaya kawai ya lura da shi. Da zarar an jero sunayen nan, kowa sai ya yi shiru ya gyaɗa kai.

A wancan zangon, hirar 'yan aji shida ɗaya ce, wato Yumiki 3. Sabuwar na'urar wasan gem ce da ba ta fito ba tukuna. Masu ƙera ta sun ce sai ƙarshen wata za su nuna hotonta. Saboda haka kowa ya zama gwani.

Wata Lahadi, ranar da makon makaranta ke farawa a Masar, da aka fita tara, yaron ya zauna a gindin bango da abokansa biyu. Ɗaya Jesse ne, ɗan Kafanchan, wanda babansa ke aiki a ofishin jakadancin Najeriya. Ɗayar kuwa Mawada ce, Bahaushiyar Sudan da ke zaune a unguwar Hayyin Ashir, nan cikin Alƙahira. Suna cin burodi da ta'amiyya, ƙosan mutanen Masar.

"Baƙa za ta zama," in ji Jesse. "Ta farko baƙa, ta biyu baƙa."

"Ni ba ruwana da launi," in ji Mawada. "Idan ta yi girma ba mai saye. Mu bakwai ne a ɗaki biyu. A kan wa za a ɗora ta?"

"Ku duka ba ku gane ba," in ji yaron.

Ya zaro takarda daga jaka. Kwana uku ya yi yana zanen nan. Na'urar tana da fanka biyu a gefe saboda zafin Alƙahira. Tana da batir a ciki don kada wasa ya yanke idan aka ɗauke wuta. Tana da mariƙi a sama, kamar na kular abinci. Ga kuma abin latsawa har huɗu, don kada 'yan gida su yi faɗa.

"Irin wannan kowa zai saya," in ji shi. "Masu shagon gem ma layi za su yi."

Jesse ya buɗe baki. "Kai! Ta yi kyau!"

Mawada ta kalli zanen, ta taɓe baki. "Ta yi kyau, amma ai zato ne. Ƙanina ma ya zana tasa, da fukafukai."

Maganar ta yi wa yaron zafi. Kwana uku yana wahala, a haɗa shi da mai fukafukai? Sai ya tuna da ɗaliban Baba. Ya gyara zama, ya sauke murya.

"Ba zato ba ne. Kawu Sagiru ne ya gaya mini, wanda ke sayar da waya a Dubai. Shi ya ji daga wani maƙwabcinsa. Maƙwabcin ya ji daga ƙaninsa. Ƙanin kuwa a cikin kamfanin yake aiki, da idonsa ya gan ta."

Mawada ta sake duban zanen. Jesse ya gyaɗa kai. Yaron ya ji daɗi har cikin ransa, domin dabarar ta yi aiki. Kawu Sagiru dai yana nan a Dubai da gaske. Sauran mutum biyun kuwa a gindin bangon nan aka haife su.

To, a makarantar akwai wata al'ada. Kowace safiya ɗalibai suna yin layi a fili, ana kiran layin tabur. Wasu zaɓaɓɓun yara sukan riƙe makirufo su karanta labarai da Larabci. Ustaz Hussain ne ke zaɓen su, kuma dokarsa ɗaya ce. Duk wanda ya karanta abin da ba gaskiya ba, ya rabu da makirufo har ƙarshen shekara.

Jesse ya zo Masar ba ya jin ko kalma ɗaya ta Larabci. Shekara guda ya yi yana koyo, ana yi masa dariya. Sai a makon nan Ustaz Hussain ya rubuta sunansa. Ranar Alhamis zai riƙe makirufo karo na farko.

Ran Laraba Jesse ya tari yaron a bakin ƙofar aji.

"Ka ara mini zanenka," in ji shi. "Shi zan karanta gobe. Duk makarantar nan ba wanda ke da labari irin wannan."

Yaron ya kau da kai. "Ba ka da wani labarin? Na ƙwallo fa?"

"Na ƙwallo kowa ya sani. Amma ka tabbata, ko?"

Kalma ɗaya ce za ta kashe maganar a nan. Sai dai Mawada tana tsaye kusa, tana jin su.

"Tamam," in ji yaron. "Na tabbata."

Ran Alhamis Jesse ya fito gaban layi da takardar a hannunsa. Ya karanta a hankali, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce labarin ya fito daga wani da ke aiki a cikin kamfanin. Ya ɗaga zanen sama, ya nuna fanka biyu da mariƙi. Yara suka yi ta tafi. Shi kuwa mai zanen, tafinsa bai yi ƙara ba.

Ran Asabar kamfanin ya saki hoton gaskiya. Yumiki 3 fara ce, 'yar ƙarama, ba ta fi gwangwanin kifi biyu ba. Babu fanka a gefe. Babu mariƙi. Abin latsawa ma ɗaya ne tak.

Da aka koma makaranta ran Lahadi, ba wanda bai ga hoton ba. Jesse yana shiga, wani yaro ya ɗaga murya, "Ga Abu Marwaha nan!" Wato mai fanka. Wasu suka riƙa kaɗa littafi a fuska kamar suna fifita.

Ustaz Hussain ya kira Jesse ofis. Da ya fito idanunsa sun yi ja. Ya wuce yaron, sai kuma ya dawo da baya.

"An goge sunana," in ji shi. "Ya tambaye ni wa ya ba ni labarin, ban faɗi sunanka ba. Wataƙila kawunka ne aka ruɗa, ba laifinka ba ne. Ma'alish, ba komai."

Da zaginsa Jesse ya yi, da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama yaron ƙwarai. 

A gida Umma ta zuba shinkafa da miyar kuka. Kukar daga Najeriya aka aiko da ita, kuma yaron ba ya wasa da ita. Ranar sai juya cokali yake yi.

"Lafiya?" in ji Umma. "Yau rediyon gidan nan ba batir?"

"Ba komai, Umma."

Baba ya ajiye cokalinsa. "Malam ƙarami, faɗa mana."

Yaron ya ba da labarin, amma rabi. Ya ce an cire Jesse saboda wani labari da ya zo ta wajen Kawu Sagiru.

"To," in ji Baba. "Kawunka daga wa ya ji?"

"Daga maƙwabcinsa."

"Yaya sunan maƙwabcin?"

"Ban sani ba."

"Shi kuma daga wa ya ji?"

"Daga ƙaninsa."

"Sunansa fa?"

Yaron ya sunkuyar da kai. Baba ya ɗauko wayarsa. "Ba damuwa. Bari mu kira kawunka, shi zai sani."

"Baba, kada ka kira!" Hawaye suka zubo masa. "Kawu bai gaya mini komai ba. Ni na zana daga kaina. Mutanen ma ni na ƙirƙiro su."

Umma ta riƙe haɓa. "Har da ƙanina ka saka a ciki? Bawan Allah yana can yana fama da kwastomominsa."

Baba bai ɗaga murya ba. "Me ya sa ka jero mutane har uku?"

"Na ga idan ɗalibanka sun jero sunaye, kowa yana yarda."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙe, ya ɗauko wani ƙaton littafi daga kanta, ya ajiye a gabansa.

"Ka ga wannan? Sunayen mutane ne kawai a ciki, da halin kowannensu. Ba don an jero sunaye ake yarda ba. Sai an bi kowane suna an bincika. Wane ne shi? Ya taɓa haɗuwa da wanda ya ce ya ji daga gare shi? An taɓa kama shi da ƙarya? Wanda aka kama da ƙirƙira, malamai sun daina karɓar labarinsa. Kai ka ɗauki jerin sunayen, ka bar binciken."

"Ai wasan gem ne kawai, Baba."

"Na'urar ta wasa ce. Shekarar da Jesse ya yi yana koyon Larabci fa, ita ma wasa ce?"

Yaron ya girgiza kai.

"Zanen naka ba shi da laifi," in ji Baba. "Da ka ce ina zato, da shi ke nan. Yanzu me za ka yi?"

"Zan ba Jesse haƙuri."

"A ina aka yi masa dariya?"

"A gaban kowa."

"To, ka san wurin."

Washegari yaron ya riga kowa zuwa. Ya sami Ustaz Hussain yana warware wayar makirufo, ya gaya masa komai. Ustaz ya saurara har ƙarshe.

"Za ka iya maimaita wannan a tabur?"

"Zan iya, Ustaz."

Ashe makirufo yana da nauyi. Yaron ya riƙe shi da hannu biyu. Ya dubi layin 'yan aji shida, ya hango Jesse.

"Labarin Yumiki mai fanka biyu daga wajena ya fito," in ji shi. "Zatona ne, amma na ce wani ya gan ta da idonsa. Ƙarya na yi. Jesse ya tambaye ni ko na tabbata, na ce masa e. Idan akwai Abu Marwaha a makarantar nan, ni ne. Jesse, ka yafe mini."

Wasu suka yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Ustaz Hussain ya karɓi makirufon.

"Jesse zai dawo ran Alhamis," in ji shi. "Amma daga yau, duk mai karanta labari sai ya nuna mini inda ya samo shi, Jesse ma haka. Kai kuma mai zane, mako biyu za ka yi kana jera littattafai a laburare lokacin tara."

Jesse bai kula yaron ba ranar. Washegari ma haka. Ran Laraba sai ga shi a ƙofar laburare da burodi biyu a leda.

"Khalas, ya wuce," in ji shi. "Ungo. Amma ka zauna ka ji karatuna na gobe, ka gyara mini inda na yi kuskure."

Bayan mako biyu Ustaz Hussain ya kafa wani allo a bangon baranda. Ya rubuta a samansa da manyan baƙaƙe, "Zatonmu." Ya ce duk mai hasashe ya liƙa a nan, ya sa sunansa. Yaron ya liƙa zanensa kusa da hoton gaskiya. A ƙasa ya rubuta, "Wannan daga kaina ne."

Yara suka taru suna gardama a kan wadda mutane za su fi saye. Wasu suka ce ƙaramar, don tana shiga jaka. Wasu suka ce abin latsawa ɗaya a gida mai yara biyar rigima ce kawai. Mawada ta daɗe tana kallon hotunan biyu.

"Ƙaramar ta fi dacewa da ɗakinmu," in ji ta. "Amma a zafin watan Yuli, wallahi mai fankar zan ɗauka."

Yaron ya washe baki. "Ku jira Yumiki 4. Da fanka za ta zo."

Jesse ya juyo da sauri. "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa," in ji yaron. "Zato nake yi."

"Yalla, liƙa a allo," in ji Jesse, suka kwashe da dariya.

Tun daga ranar yaron bai daina zane ba, bai kuma daina surutu ba. Amma ya koyi raba abin da ya sani da abin da yake zato. Yin zato ba laifi ba ne. Laifin shi ne ka ba wani zatonka da sunan labarin gaskiya, domin wanda ya yarda da kai shi ne zai fara shan kunya.