Baƙar Ƙasa a Kwarin Marke

Ku matso kusa. Mai tsoro ya tashi tun yanzu, don ni ba na tsayawa rarrashi.

Kun san tsohon depon mai na bayan gari, inda aka cire manyan tankuna. Shekara da shekaru suna yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba wanda ya sani, sai da rijiyoyin unguwar suka fara warin fetur. Ka ja guga, ka ga maiƙo yana yawo a kan ruwan. Shi ne aka kawo katafila ta haƙe wurin. Ƙasar da ake fitarwa baƙa wuluk, mai danƙo, ko ƙuda ba ya sauka a kanta. Doka ɗaya aka kafa wa direbobin tifa: a kai ta can nesa, wani rami da aka shimfiɗe da leda mai kauri. Ba a zubarwa a hanya.

Haladu yana cikin direbobin. 'Yarsa ɗaya ce tal, Gaje, kuma ruwan rijiyar nan ya riga ya shige ta. Tari, amai, rama.

Ran nan da rana tsaka, an gama yi masa lodi ke nan, matarsa Kuluwa ta kira.

"Malam, Gaje ba ta gane ni. Idonta ya kafe."

"Ga ni nan."

Ramin leda yana da nisa. Kwarin Marke kuwa ga shi nan gefen hanya, ba gida ba gona, sai tsohuwar bishiya da yashi. Haladu ya karya kan mota, ya yi baya, ya ɗaga bodi. Bai yi bisimilla ba. Bai ce masu wuri a gafara ba. Abin da yarinya ƙarama ke faɗa kafin ta watsa ruwan zafi a tsakar gida, shi da gemunsa bai faɗa ba.

Rabin ƙasar ta zube. Injin ya mutu.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake. Shiru. Sai a lokacin ya lura ko tsuntsu ba ya kuka.

Ya diro. Wata mata na tsaye gindin marken, da goyo, an lulluɓe shi da baƙin zane. Goyon yana tari. Irin tarin Gaje sak.

"Sannu, Inna," in ji Haladu.

"Ka yi sallama?"

Bakinta ya motsa a gabansa, amma muryar daga bayan ƙeyarsa ta fito. Ya sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Da ma bai sunkuyar ba. Ƙarƙashin zanen ba ƙafa ba ce. Kofato ne.

"Inna, ki yi haƙuri. 'Yata ce ba lafiya."

"Me ya same ta?"

"An ɓata mana rijiya."

"Shi ne ka zo ka ɓata tamu."

Ya duba inda ƙasar ta sauka. Ashe a ƙarƙashinta akwai ɗan idon ruwa, ga shi yana tsattsafowa baƙi.

"Kwashe," ta ce. "Kai kaɗai. Kafin rana ta faɗi. Daga yanzu numfashin ɗana da na 'yarka ɗaya ne. In nasa ya tsaya, nata ma ya tsaya." Ta gyara goyonta.

Ya sauke bodin, ya zaro shebur. Ya shiga kwasa yana cillawa sama. Rana na dukan bayansa, warin na hawa kansa har ƙasa ta fara juya masa. Ya yi amai, ya ci gaba. Tafin hannunsa ya kumbura, ya fashe, ƙotar shebur ta yi santsi da jini.

Wayarsa ta yi ƙara a cikin mota. Ya saki shebur zai ruga.

Tarin goyon ya tsaya cak.

Haladu ya daskare. Ya koma ya damƙi shebur. Goyon ya ja numfashi, kiiit, kamar tsohuwar ƙofa. Wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Shi ma yana kuka, amma bai sake ajiyewa ba.

Da la'asar ya kwashe tulin. Ya ɗago.

"Na gama, Inna."

"Ka gama wanda ido ke gani. Wanda yashi ya sha fa?"

Gaskiyarta. A depo ma haka ake yi, ba a daina haƙa sai an tarar da ƙasa mai tsabta. Ya shiga haƙa. Haƙa ya kai gwiwa. Ƙugu. Yana ɗiba yana sansanawa, har hancinsa ya mutu, bai ƙara bambance mai da yashi ba. Rana ta yi ja, ta rataya a reshen marke.

"Inna, ba na jin komai! Ya fita ko bai fita ba?"

"Harshenka ma ya mutu?"

Ya dumbuzi yashi ya kai baki. Ɗaci. Ya haƙa, ya ɗanɗana. Ɗaci. Ya haƙa da shebur, ya haƙa da farce. Can, rana saura ƙiris, ya tauna ya ji ƙasa. Ƙasa kawai, mai sanyi. Ruwa ya ɓullo tsakanin yatsunsa, fari tas.

Injin motar ya tashi da kansa.

"Kai ta inda aka ce ka kai," in ji muryar a ƙeyarsa. "Sannan gida."

Gindin marke ba kowa.

A mararraba, gida na hagu, rami na dama. Ya daɗe riƙe da sitiyari. Ya yi dama.

Sai bayan isha ya shiga gida, ya tsaya a zaure yana sauraron ko zai ji koke-koke. Ba komai. Ya yi sallama da ƙarfi. Gaje na zaune a kan tabarma tana shan kunu, Kuluwa ta zuba mata ido kamar ba ta taɓa ganinta ba.

"Baba," in ji yarinyar, "wani yaro ya zo ya ba ni ruwa. Ya ce in gaya maka shi ma ya daina tari."

"Ba wanda ya shigo, Malam," Kuluwa ta ce. "Ina nan zaune."

Haladu ya haska bakin ƙofa. Daga tabarma har zaure, ga sawun ɗan ƙaramin kofato, a jiƙe.

Gaje ta warke, yau ita ma uwa ce. Hancin Haladu kuwa bai dawo ba, ko turare ko miya duk ɗaya ne a wurinsa.

Saboda haka ku ji ni da kyau. Kada wanda ya bi Kwarin Marke shi kaɗai da rana tsaka. Kuma duk abin da za ku zubar a ƙasa, ko ruwan wanke-wanke ne, ku yi magana tukuna. Wurin da kuka ga ba kowa, gidan wani ne.